Mujiyar Milan

Ranar da Nives Rovedi ta fara ganin Donato, tsotsar yatsa ta same shi yana yi kamar yaron goye.

Baƙi ne suka zo daga Milan, mutanen da suka sayi takardun bashin kamfanin tayil na mahaifinta, suna son ganin inda kuɗinsu ya shiga. Aikin Nives haɗa launi ne, amma tun rasuwar mahaifiyarta ita ke zaune a kujerarta cikin shugabannin kamfanin, don haka ita aka ɗora wa zagayawa da su. Ta ja musu kunne kada kowa ya taɓa abin da ke fitowa daga bakin tanderu. Duk suka ji, ban da wani dogo mai kwat da ta fi shi faɗi.

"Na ce kada a taɓa," in ji ta.

"Kin ce. So nake in san ko da gaske wutar take."

"To yanzu ka sani?"

"Na sani. Gas ɗin nawa take ci muku a wata?"

Sauran baƙin kan zane da kasuwar Amurka suka yi ta tambaya. Shi kaɗai ya maƙale wa gas. Mahaifinta, Gualtiero Rovedi, ya dube shi tun daga takalmi, ya ce tanderunsa uku ba su taɓa mutuwa ba tun yana saurayi, ko ranar Kirsimeti.

"Ba na shakkar wutarku, Sinyor Rovedi. Mai sayar muku da gas nake shakka."

Da motarsu ta fita, Gualtiero ya ce wa 'yarsa, "Kowace tawaga da mujiyarta. Wancan dogon, kukan mutuwa ya zo yi mana."

Wannan a farkon shekara ne, kafin yaƙi ya ɓarke a gabas.

Washegari saƙo ya shigo wayarta:

"Yatsan ya yi bororo. Lauyana ya ce ko kotu ko kofi. Na zaɓa miki kofi don ya fi araha. Donato Santarsiero, wanda ba ya jin magana."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta amsa:

"Babana ya sa maka suna Mujiya. Ranar Asabar ina Modena. Ka zo da yatsan a matsayin shaida."

Ya zo da yatsan a naɗe. Suka zauna a wani shagon kofi kusa da babban coci, ta tambaye shi wai shin mene ne aikinsa, da har yake bin mutane yana ɓata musu rai.

Ya ɗauki kofinsa da nata ya ajiye su nesa da juna a kan tebur.

"Wannan gwamnatin Jamus ce. In ta ci bashi, ruwa kaɗan take biya, don kowa ya yarda za ta biya. Wannan babanki ne. Kafin a ba shi, sai ya ɗora wani abu a kan abin da Jamus ke biya. Abin da ya ɗora ɗin shi muke kira tazara. In hankali ya kwanta, kofunan su matso. In an tsorata, su buɗe. Ni kuma a biya ni in zauna ina kallonsu, daga Tokyo har New York."

"Wato tsoro kake aunawa."

Ya dube ta. "Shekara shida ina aikin nan, ban taɓa faɗarsa a taƙaice haka ba."

Kafin su rabu ya ce yana da roƙo ɗaya, kuma ba wasa a fuskarsa. Kamfaninsu na riƙe da takardun Rovedi masu yawa. Duk abin da ya shafi masana'antar wanda bai fito fili ba, kada ta taɓa gaya masa.

"In na ji abin da kasuwa ba ta ji ba, na shiga uku, ke ma kin shiga."

"Kada ka damu, Mujiya. Sirrina bai wuce yadda ake haɗa shuɗi ba."

Daga nan jirgin ƙasan Milan ya zama nasu. Shi ya sa mata suna Garwashi, wai don duk sanda ya gan ta sai yatsan ya tuna. Kullum kafin ta sa rigar aiki saƙonsa ya iso.

"Barka da safiya, Garwashi. Tazara ta buɗe a London, ta buɗe a New York, har Seoul ba ta tsira ba. Kowa a ofis ya tsuke fuska. Ni kaɗai nake murmushi, sun fara zargin na san wani abu."

"Ka san wani abu mana. Ka san ranar Asabar kakata Nonna za ta aiko maka da cuku."

Sau biyu ya ce mata ƙa'idar aikinsa ce ya sanar da ofishin sa-ido na kamfaninsu cewa yana neman 'yar gidan da suke bi bashi. Sau biyu ta hana shi.

"Mutanen ofishinku su ji kafin babana? Ka bari in shirya shi tukuna."

Ya bari. Bai kamata ya bari ba, kuma ya san haka.

Sai da zafi ya shigo ta kai shi cin abincin Lahadi a gidansu na Sassuolo. Nonna Ebe, mahaifiyar Gualtiero, ta kwana biyu tana naɗa tortellini, 'yan ƙunshin taliya masu nama a ciki. Aka zuba a romo, aka zauna. Gualtiero bai ɗaga cokali ba.

"Santarsiero. Sunan kudu ne wannan."

"Potenza, Sinyor Rovedi. Babana direban bas ne, ya yi ritaya."

"Direba na kai mutane gida. Kai me kake ƙerawa?"

"Ba na ƙera komai."

"Papa, romon zai huce," in ji Nives.

"Bari ya huce. Akwai gidaje a Munich da mutane ke taka abin da hannuna ya gasa. Shi in ya mutu gobe me zai bari? Lambobi a allo? Jiya banki suka kira ni, wai tazarata ta ƙaru. Me na yi? Tayil ɗina ya canza ne? Irinsa ne suke zaune a Milan suna yanke wa mutum daraja ba su taɓa ɗaga buhun yumɓu ba."

"Ba kai ka canza ba," Donato ya ce a hankali. "Kuɗin gas ne, da ruwan bankuna. Ko'ina haka take."

"Ka ji ko, Mamma? Ko a kan abinci kuka yake." Ya juya ga Nives. "Ki kawo shi ya ci, ban hana ba, ba ma korar mai yunwa. Amma ban da abin da ya wuce ci."

Bayan an tashi, Nonna Ebe ta ɗauki mabuɗi daga ƙusar da ke bayan ƙofar kicin, ta yafito Donato. Suka hau har ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida, Nives na biye. Zafi da ƙamshi mai tsami-tsami suka tare su. Ganguna biyar na katako ne a jere, daga babba zuwa ƙarama, kowace da farin ƙyalle a bakinta.

"Shekarar da aka haifi yarinyar nan uwarta ta jera su," in ji tsohuwar. "Duk lokacin sanyi a ɗebi kaɗan daga ƙaramar, a cika ta daga ta kusa da ita, haka har babbar, ita kuma a zuba mata sabon dafaffen inabi. Miƙo hannu, ɗan kudu."

Ta ɗiga masa baƙin khal, tsohon ruwan tsamin inabin da ke cikin ƙaramar gangar, a bayan hannu. Ya lasa, ya rufe ido.

"Kayan aurenta ne. Wanda zai ɗauke ta shi zai sauko da su ta matakalar nan. Amma mabuɗin ranar ba a hannuna yake ba, uban ne mai bayarwa."

Tsohuwar ta yi gaba. Donato ya dubi ƙunƙuntar matakalar, ya dubi babbar gangar, ya ce wa Nives ƙasa-ƙasa, "Ni zan sauko da su, ko bayana zai karye."

Damina ta wuce, kaka ta shigo da abin da Mujiya ya yi kuka a kai. Yaƙin ya sa kuɗin gas ya ninka, ya sake ninkawa. A bazara mai zuwa wa'adin takardun Rovedi zai cika, kuma tun asali dabarar ita ce a fitar da sababbi a biya tsofaffi, kamar yadda kowa ke yi. Gualtiero ya je Milan, ya je Bologna, ya dawo kowane karo fuskarsa ta ƙara tsufa. Ruwan da ake nema a wurinsa yanzu ya fi duk ribar da tayil zai iya kawowa. Saƙonnin Donato na safe suka gajarce, wasan cikinsu ya ragu.

A wani zaman shugabanni, ƙofa a rufe, aka yanke shawara. Za a kashe tanderu biyu a watan Nuwamba, kuma ruwan da ya kamata a biya masu takardu a Disamba ba za a biya ba. Lauya ya ce kada maganar ta fita ɗakin sai an shirya. Nives ta ɗaga hannu tare da sauran, idonta a kan tebur.

Ranar Lahadi da la'asar ta kai Donato tashar Modena. Ta tsayar da mota, ta kasa sakin sitiyari. Tun Juma'a take haɗiye abin, ta haɗiye shi a gaban Nonna, ta haɗiye shi a gaban matan da suke aiki tare tun tana yarinya.

"Garwashi, me ya faru?"

"Za mu kashe biyu. Kuma na Disamba ba za mu..."

"Nives, kada ki..."

"...biya ba. Babu, Donato. Babu abin biya."

Ta kifa kai tana kuka. Ya riƙe ta, ya shafa gashinta har ta lafa. Da ta ɗago sai ta ga fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon gilashin mota kamar wanda aka karanta wa sakamakon asibiti.

"Ba da mai aikin Milan nake magana ba," ta ce. "Da kai nake."

"Na sani. Sai dai kunnen ɗaya ne."

Ya sumbaci goshinta ya daɗe, ya ɗauki jakarsa ya shiga tasha bai waiwayo ba.

Litinin da hantsi saƙo ya zo:

"Garwashi, na yi abin da ya wajaba. Daga yau ba zan iya kiranki ko amsa miki ba, kuma ba zan iya gaya miki dalili ko ranar ƙarewa ba. Kada ki zo Milan. Abin da na faɗa miki a ɗakin ganguna yana nan."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta:

"Wane irin abu ne ya wajaba? Mujiya, ka yi mini magana."

Ba amsa.

Kafin mako ya ƙare takardun Rovedi suka fara zubewa a kasuwa. Masu su na ta sayarwa a duk farashin da aka taya. Masu kawo yumɓu suka ce daga yanzu sai kuɗi hannu. Gualtiero ya rinƙa zagaye ofis yana tambayar wa ya buɗe baki.

A makon ne Loris Tirabassi ya zo. Tare suka yi makaranta da Nives, kamfanin gidansu ya ninka na Rovedi sau da yawa, kuma ya taɓa neman ta ta ƙi. Ba mugu ba ne. Mutum ne da bai taɓa jiran abu ya rasa ba. Ya same ta a ɗakin launi, ya zauna a gefen tebur.

"Nivi, kin rame."

"Aiki ne."

"A kasuwa ana cewa daga Milan aka fara sayarwa. Ban ce komai ba fa. Ina dai tambayar kaina, a duk Milan wa ya ci tortellinin Nonna Ebe?"

Ta ajiye cokalin awo.

"Babana na son masana'antar," ya ci gaba. "In baƙi muke, zai saya ya sauke allon ƙofa. In gida ɗaya muke, sunan Rovedi zai zauna inda yake. Ki yi tunani. Ni ba na gudu in an shiga wahala."

Da yammacin ranar, a teburin abinci, ta gaya wa mahaifinta abin da ta faɗa a mota. Ta zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ajiye cokali, ya tashi, ya zare mabuɗin ɗakin ganguna daga ƙusa ya sa a aljihu, ya fita. Daga ranar, in magana ta kama dole, ta bakin Nonna yake aiko mata.

Ta sake rubuta wa Donato sau ɗaya:

"Kalma ɗaya nake so. Kun sayar ko ba ku sayar ba?"

Ta ga alamar ya karanta. Shi ke nan.

Ranar da aka kashe tanderun, Nives na tsaye tare da ma'aikata. Ba a kashe irin wannan wuta farat ɗaya, a hankali ake rage ta don kada bulon ciki ya tsage. Sai rugugin da ta tashi a cikinsa, wanda ta daina ji tun tana ƙarama saboda sabo, ya rinƙa ja da baya har ya ɗauke. Mutane suka tsaya cirko-cirko, kowa na jin numfashin na kusa da shi. Wata mata da ta yi aiki da mahaifiyarta ta cire safar hannu, ta ninke, ta ajiye a kan bel ɗin da ke jan tayil, ta wuce ta gaban Nives ba ta dube ta ba.

Kirsimeti ya zo ya wuce a gidan ba a kunna fitilun ado ba. Loris ya aiko da furanni da kwandon kyauta. Nives ta ce masa ya bari a yi zaman masu bin bashi tukuna, sannan za ta ba shi amsa. A ranta ta riga ta san amsar. Sunan uwarta da na ubanta ne a allon nan, kuma ita ta jawo.

Nonna Ebe ce kawai ba ta sauya ba. "Yaron da ya rufe ido don ɗigon khal," ta ce tana yankan albasa, "ban ga ɓarawo a fuskarsa ba. Wawa dai na gani."

A watan Janairu aka yi zaman, a ofishin lauyoyi a Modena. Nives ta zauna gefen mahaifinta, kujera ɗaya a tsakaninsu babu kowa. Ta duba fuskokin da ke ɗaya gefen. Donato ba ya ciki. A madadinsa shugabarsa ce ta zo, Dottoresa Sironi, mace mai furfura a gajeren gashi, wadda ba ta cire kwat ɗinta ba.

Gualtiero bai jira lauyansa ba. "Ina mamakin ganinku, Dottoresa. Na ɗauka kun kwashe naku tun kaka, da yaronku ya kawo muku labari daga bakin 'yata."

Matar ta cire tabarau ta ajiye.

"Sinyor Rovedi, duk mai hankali ya sayar da takardunka tun kaka. Mu kaɗai muka maƙale da su, ko ɗaya ba mu sayar ba. Ka san dalili? Ranar Litinin da safe yaron nan ya wuce teburinsa, ya shiga ofishin sa-ido ya kai ƙarar kansa. Ya ce ya ji abin da kasuwa ba ta ji ba. Daga wannan sa'ar doka ta ɗaure mana hannu. Muna zaune muna kallon kuɗin mutane na narkewa, ba halin taɓawa. Shi kuma aka sa katanga tsakaninsa da ku, aka hana shi magana da kowa a gidanka har sai an gama wannan zaman an sanar."

"To wa ya..."

"Wa ya tona? Motocin yumɓu sun daina layi a ƙofarka tun Oktoba. Duk Sassuolo na da ido."

Nives ta ji muryarta ta fita ba da shirinta ba. "Yana ina?"

Dottoresa Sironi ta dube ta a karo na farko. "Ke ce. To, na sallame shi kafin Kirsimeti. Ba don ya kai ƙarar kansa ba, wannan daidai ya yi. Don ya yi wata da watanni yana neman ki bai sanar ba. Shi ne mafi ƙwarewa a cikin yarana, kuma ba wanda zai sake ɗaukarsa a wannan sana'ar." Ta mayar da tabarau. "Mu koma kan abin da ya tara mu."

Abin da ya tara su bai yi daɗi ba. Masu bin bashi suka yafe wani kaso, gidan Tirabassi suka karɓi masana'antar. Za a sake kunna tanderu ɗaya, fiye da rabin ma'aikata ba za su dawo ba. A farfajiya Loris ya tare Nives, ya ce maganarsa ta allon ƙofa na nan. Ta dubi mahaifinta. Gualtiero na ɗaure maɓallin kwat.

"Ku sauke allon," ya ce wa Loris. "Ban gasa tayil shekara arba'in don a biya da 'yata ba."

Suka shiga mota, suka kama hanya har suka wuce garin Formigine. Can ya ce, idonsa a kan hanya, "Kin ci abinci yau?" Kai tsaye ya tambaye ta, ba ta bakin Nonna ba. Ta juya fuska ga taga.

Ranar da sanarwar ta fito a jarida, wayarta ta yi ƙara tun ba ta gama kofi ba.

"Garwashi, katanga ta faɗi. Ba mu sayar ba. Nakan karanta tambayarki kullum, amsar na bakina. Ina Potenza, ina taya babana gyaran rufi. Ba ni da aiki, ba ni da gida a Milan, kwat ɗin kawai ya rage. In kin ce kada in zo, ba zan zo ba."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa:

"Na zarge ka, Mujiya. Har na kusa ba wani amsa. Ka zo ka ji sauran a bakina. Ka sa rigar sanyi."

Ya iso ranar Asabar, ya rame, kwat ɗin ta ƙara yi masa yawa. A tasha suka riƙe juna har mutanen jirgin suka watse.

"Ka yafe mini?"

"Ni na ce kada ki faɗa, amma ni na kasa sanar da ofis tun farko. Mu raba laifin biyu, kamar kuɗin kofi."

A gida suka tarar da Gualtiero a kicin, sanye da tsohuwar rigar aiki, yana wanke mazurarin gilashi. Lokacin cika ganguna ya yi, har ya kusa wucewa, don tun kaka ba wanda ya hau ɗakin. Lauyoyi sun bi komai na Rovedi sun rubuta, ganguna ne kawai ba su shiga ba, saboda da sunan Nives suke.

Bai ce wa Donato ya zauna ba.

"Da ka yi shiru, ka raɗa wa shugabarka ku sayar, wa zai sani?"

"Wataƙila ba kowa. Wataƙila kuma wata rana a bincika, a ga wa ya faɗa mini. Da sunan Nives ya shiga kotu tare da nawa."

Gualtiero ya ci gaba da wanke abin da ya riga ya fita.

"Ka yi mini kukan gas a cikin masana'antata. Na ji haushinka don na san gaskiya ce." Ya kashe famfo. "Har yanzu dai ba ka ƙera komai ba."

"Ban ƙera ba."

"Kuma ba ka da aiki."

"Mu biyu ke nan, Sinyor Rovedi."

Nonna Ebe ta tuntsire da dariya a bakin murhu, ta toshe baki da gefen atamfarta ta girki. Gualtiero ya harare ta, ya harari Donato. Sai ya sa hannu a aljihu, ya fito da mabuɗin ya ajiye a kan tebur, ya tura shi da yatsa ɗaya.

"Hau ka buɗe. Zan nuna maka yadda ake ɗiba. In ka zubar da ɗigo ɗaya, ka koma Potenza."

An ɗaura auren a watan Mayu, a ƙaramin cocin unguwa inda aka yi wa mahaifiyar Nives addu'ar ƙarshe. Ba taro mai yawa ba. Iyayen Donato sun zo daga kudu da jaka cike da busasshen barkono. Wasu tsofaffin ma'aikata sun zo, wasu sun ƙi, Nives kuma ba ta riƙe su ba. Matar nan mai safar hannu ta zo ta zauna a bencin ƙarshe, ta tafi kafin a fito. Daga ƙofar coci ana hango rufin masana'antar, da sabon allo mai sunan wasu.

Donato ya sami aikin lissafi a wata ƙungiyar masu yin cuku, albashin bai kai rabin na da ba. Nives na haɗa launi a wani ƙaramin kamfani a Fiorano. Sun kama haya a can, bene na sama, don akwai ɗaki a ƙarƙashin rufi.

Da yamma, kafin baƙi su watse, aka yi saukon ganguna. Donato ya cire kwat ɗin aure, shi da babansa suka tallabo babbar ta ƙunƙuntar matakala, Nonna na ƙasa tana ba da umarni tana zaginsu da sunan waliyyai. Ya sauko da huɗu, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya juya zai koma ɗauko ta biyar, sai ga Gualtiero na saukowa da ita a ƙirjinsa, ƙaramar, wadda khal ɗin shekarar haihuwar Nives ke cikinta.

Ya tsaya a matakalar ƙarshe, ya miƙa wa Donato.

"Uwarta ce ta fara wannan. Ita kaɗai ce abin da na riƙe ban ci bashi a kanta ba." Ya dubi 'yarsa, ya dubi mijin. "Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku 'ya mace, ku jera mata nata."

"Amin," in ji Nonna Ebe. "Riƙe da kyau, Mujiya. Hannu biyu."